Wasiƙa Daga Manchesta: Kada Ka Taɓa Filin Kawu

Manchesta, Ingila.

Zuwa ga taubashina, Sarkin Hotokofin bakin get ɗin Kongo, Shugaban Majalisar Masu Gyara Duniya Bayan La'asar.

Bayan dubun gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da Kawu da Umma, da duk masu zaman bencin ƙofar shagonka suna cajin waya kyauta. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi, sai sanyi da yayyafin da ba ya gajiya.

Saƙonka na murya ya iso. Da gidan rediyo ka kai shi, da sun raba shi kashi uku sun sa talla a tsakani. Na fara sauraro tun daga ƙofar gida, na shiga bas, na sauka, na isa tashar jirgin ƙasa ta Piccadilly, kana nan kana ba ni labarin tsadar tawadar firinta da ɗauke wuta da alƙalin wasan da ya zalunci Manchester United. Wannan na ƙarshen bari in raba maka gardama, tunda garin nake zaune: ba alƙalin wasa ne ya ajiye ku a na 15 a kakar 2024/2025 ba, ba kuma shi ya ba Tottenham kofi a kanku ba. Mutanen da ke kwana kusa da Old Trafford sun haƙura sun ci abinci, kai kana Tudun Wada kana yi wa iyalinka fushi.

Kafin in shiga abin da ka tambaya, ina da ƙara. Wa ya aike ka ka shelanta wa gari cewa na zama ɗan kwangila a Ingila? Tun daga ranar wayata ba ta huta ba. Wani ya ce yana da tifa biyu a Ɗanmagaji, in turo masa kuɗin mai. Wani ya ce shi birkila ne, ya iya filasta. Wani dattijo daga Gyallesu ya roƙe ni in ba ɗansa aikin gadi a wurin da nake zuba kwalta. Goggonka kuwa har ta fara amsa barka. Ka koma majalisa ka gyara abin da ka ɓata. Aikin da nake yi shi ne wanda na karanta a bayan katangar da kake jingina da ita kullum, wato akanta. Kongon nan tun 1947 take horar da akawuna, tun kafin a kafa jami'ar a 1962, kuma da abin da ta koya mini nake cin tuwo har gobe.

Bambancin kawai, ba ni da ubangida na dindindin. Kamfani zai so ya kwashe lissafinsa daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa, ko mai riƙe musu littattafai ta tafi hutun haihuwa, ko ƙarshen shekara ya matso asusu ya cakuɗe. Sai su ɗauki irina na wata uku ko shida, a yi tsada a kan kuɗin yini, in warware musu, a yi sallama. Shi ne aikin kwantiragi. Kuɗin yinin ya fi na ma'aikacin dindindin kauri, gaskiya ne, amma ranar da ba ka yi aiki ba ba a lissafa ta, kuma tun kafin wannan ya ƙare idonka na kan na gaba. Saboda haka neman aiki a wurinmu sana'a ce ta biyu, kuma a wannan fagen ina ganin na isa in ja maka kunne.

A nan ba a ɗaukar ambulan mai ruwan ƙasa ana bin ofisoshi, ba a kuma neman katin ɗan majalisa. Akwai shafukan intanet da ake kafa tallar aiki: Indeed, Reed, Totaljobs, CV-Library, da JobServe wanda 'yan kwamfuta suka fi so, sai LinkedIn inda kowa ke sa hotonsa da kwat. Ka buɗe shafi, ka ɗora sibi, ka faɗi garin da kake da irin aikin da kake nema. Abin da yawancin sababbin zuwa ba su sani ba shi ne, tallace-tallacen kwantiragi galibi ba kamfanin da ke neman ma'aikaci ne ya kafa su ba, kamfanonin ejan-ejan ne. Su ne ke biyan shafukan kuɗi don su shiga rumbun sibi su yi ta bincike. Ejan zai rubuta sunan manhaja, ko sunan takardar ƙwarewa, da sunan gari, na'ura ta zazzago masa waɗanda ke da kalmomin. In babu kalmar a takardarka, ko kai ne gwanin gwanaye, ba zai san an haife ka ba. Kuma sun fi duba waɗanda suka sabunta sibinsu kwanan nan, shi ya sa 'yan kwantiragi ke ɗan taɓa nasu da safiyar Litinin, ko da waƙafi ne a matsar, don su hau sama.

Wannan ya kawo ni kan sibin da kake buga wa bayin Allah a shagonka. Taubashi, ka ji tsoron Allah. Tun ina ɗalibi takarda ɗaya ce a kwamfutarka, suna kawai kake canzawa. Duk wanda ya gama Kongo da FCE da Nuhu Bamalli ya biyo ta hannunka, mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai son karatu da tafiye-tafiye. Rabinsu ba su taɓa wuce Kwangila ba. Ban manta da ƙaton nan mai gemu da ya dawo yana huci ba, ranar da ka ba shi sibi mai cewa ya yi sakandaren 'yan mata. A nan wannan takardar ko minti ɗaya ba za ta yi ba. Ba a sa hoto, ba a sa shekarar haihuwa, ba ƙaramar hukuma, ba addini, ba maganar aure. Shafi biyu ne, kuma abin da ake so shi ne me ka yi, a ina, da wace manhaja, me ya gyaru a dalilinka.

To, da zarar takarda ta hau, sai waya. Ejan na Ingila mutum ne mai fara'ar ban mamaki. Bai san sunan mahaifinka ba ya riga ya kira ka aboki. Zai tambayi lafiyarka, ya tambayi yadda ka ƙare hutun mako, ya yi ƙoƙarin faɗin sunanka har sau uku kowanne da kalarsa, sannan ya ce yana da aikin da kamar don kai aka yi shi. Ka tuna dillalin kara da Kawu ke kai mu wurinsa in Babbar Sallah ta matso? Yana shafa bayan rago yana rantse wa mai saye cewa babu irinsa a kasuwa, ya juya ya raɗa wa mai rago cewa yau kasuwa ta faɗi. Ejan ma haka yake, sai dai hajarsa ranakun aikin mutum ne. A ce kamfani ya yarda zai biya fam 500 a yini. Ejan zai ce maka 400 ne iyakar abin da aka ware, ɗarin da ke tsakani nasa ne, kullum, har kwantiragi ya ƙare. Ba haram ba ne, la'adarsa ce, shi ya nemo cinikin, shi ke biyanka kafin kamfani ya biya shi. Amma dole ka san inda ribarsa take, in ba haka ba sai ka ɗauki romon baka a matsayin zumunci.

Dabarunsu kuwa, da za a buɗe musu sashe a Kongo da sai an yi digiri na biyu. Akwai mai kafa tallar aikin da babu shi, don kawai ya tara sibi. Dokar ƙasar ta hana, amma in ka ga talla mai daɗin kuɗi ba sunan gari ba ranar farawa, kuma wata biyu tana nan ba ta motsa ba, ka san ƙugiya ce. Akwai wanda tun kafin ya tura takardarka zai ce ka ba shi sunaye da lambobin manajojin da ka yi aiki a ƙarƙashinsu, wai don shaida. Ba shaida yake nema ba, ƙofa yake nema: gobe zai kira su yana tallar wasu. Akwai mai tambaya cikin tausasa murya, "Ina da ina kuma ka yi intabiyu a makon nan?" In ka faɗa, kafin ka ajiye waya ya kira wurin ya ce yana da wanda ya fi ka araha. Wani ya taɓa yi mini wannan tambayar na ce masa a al'adarmu ba a faɗin inda ake neman aure sai an sa rana. Ya yi dariya, ya ce al'adarku ta yi, bai sake tambaya ba.

Mafi haɗari shi ne ejan biyu su tura sunanka wuri ɗaya. Kamfani ba ya son rigimar wa zai karɓi la'ada, sai ya jefar da takardar gaba ɗaya, kai ka tashi a tutar babu. Shi ya sa ƙa'idata ita ce babu mai tura sunana sai ya faɗa mini sunan kamfanin, da kuɗin yinin, kuma na amince a rubuce. Sai kuma shirun bayan intabiyu. Mutumin da jiya ya kira ka sau huɗu, yau ya zama aljani. In an dace bayan mako biyu zai turo layi ɗaya cewa kamfani ya ba wani na cikin gida. Wannan ba ya cin raina yanzu, don na gane ba ƙiyayya ba ce, lissafi ne: kiran wanda bai samu ba ba ya kawo masa ko kwabo.

Kada ka ce na yi musu kuɗin goro. Akwai na kirki, kuma in ka dace da ɗaya ka riƙe shi hannu bibbiyu, don da ɗan gari akan ci gari. Akwai wata baiwar Allah da na daɗe ina aiki ta hannunta. Tana faɗa mini kasonta ba ɓoye-ɓoye, in ba a ɗauke ni ba ta kira ta faɗi dalili, kuma ita da kanta take shaida wa kamfani tun farko cewa ranar Juma'a zan fita masallaci da rana, azumi kuma zan so in fara da wuri in tashi da wuri. Irin wannan ta cancanci la'adarta.

Na san abin da ke ranka tun da na ambaci fam 400. Na ga ka jawo kalkuleta, ka buga da canjin yau, ka ninka da 30, ka fara zaɓar fentin motar da zan saya maka. Ajiye. Akwai wata doka da ake kira IR35, tun shekarar 2000, wadda ke duba ko da gaske ɗan kwantiragi mai zaman kansa ne ko ma'aikaci ne da ya sauya riga don gudun haraji. A 2017 aka ɗora wa ma'aikatun gwamnati nauyin yanke wannan hukunci, a Afrilun 2021 aka ɗora wa manya da matsakaitan kamfanoni. Da yawansu suka ce ba sa son ciwon kai, kowa ya bi ta kamfanin laima. Kamfanin laima shi ne ke karɓar kuɗinka daga ejan, ya zama ubangidanka a takarda, ya yanke abin yankewa. Daga cikin kuɗin yinin nan ake cire kason inshorar ƙasa na mai ɗaukar aiki, wanda ya koma kashi 15 cikin 100 a Afrilun 2025, a cire ladan laimar, a ware kuɗin hutu, sannan a zo kan harajinka: kashi 20, abin da ya haura fam 50,270 a shekara kuma kashi 40, ga naka kason inshorar, ga fansho. Sai haya, da harajin gunduma, da kuɗin ɗumama ɗaki. Sai makonnin da ke tsakanin kwantiragi da kwantiragi, waɗanda babu mai biya. Ana samu, alhamdu lillahi, ba na raina ni'imar Allah, amma motarka ta ɗan jira.

Ko a nan ɗin akwai macuta. Wasu kamfanonin laima kan ce za su bar maka kusan duk kuɗinka, su biya ka da sunan bashi don kada a yanki haraji. Dubban mutane sun shiga irin wannan, shekaru suka wuce, hukumar haraji ta dawo musu da lissafi a 2019, wasu har gidajensu suka girgiza. Banza ba ta kai zomo kasuwa, ko a Ingila.

Yanzu mu zo kan naka ejan ɗin, wanda saboda shi na zauna rubuta wannan doguwar takarda maimakon in aiko maka da murya.

Ka ce a Facebook ka gan shi, ya ce ku koma WhatsApp. Ka ce hotonsa a gaban gadar Landan yake, da hular sanyi. Ka ce zai samo maka aikin kula da tsofaffi, da takardar ɗaukar nauyi, da biza, a kan naira miliyan 12, rabi yanzu rabi in ta fito, a tura asusun wani mai suna daban, kuma gurbi biyu ya rage. Ba intabiyu, ba jarrabawar Turanci. Sannan a can ƙarshen saƙon, bayan labarin ƙwallo, ka sassauta murya ka ce kana tunanin lallashin Kawu a sayar da filin Dakace.

Da farko dai, kai ne za ka kula da tsofaffin Turawa? Kai da Kawu ke aike ka sayen maganin hawan jini da hantsi ka dawo bayan Isha'i da rake? Aikin nan ba wasa ba ne. Na san masu yin sa, 'yan uwanmu maza da mata, suna tsayuwar awa 12, suna ɗaga mutum, su yi masa wanka, su canza masa shimfiɗa, su jure faɗan wanda tsufa ya rikita. Ina girmama su ƙwarai, kuma halal suke ci.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ka buɗe kunnenka. A ƙasar nan dokar 1973 ta haramta wa kamfanin samar da aiki ya karɓi kuɗi daga hannun mai neman aiki don ya samo masa aiki, in ban da wasu sana'o'i kaɗan irin na 'yan fim da masu tallar kaya. Duk dabarun da na lissafa maka a sama, duk wayon ejan-ejan ɗin nan, babu ɗaya da ya taɓa ce mini kawo fam ɗaya. Kamfanin da ke neman ma'aikaci shi ke biya. Takardar ɗaukar nauyin ma ba hajar sayarwa ba ce, mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗinta ga gwamnati, kuma an hana shi ɗora wa ma'aikaci. Duk wanda ya ce ka biya shi don ya ba ka aiki a Ingila, ba aiki yake sayarwa ba, kai yake ci.

Na uku, ƙofar da yake nuna maka an rufe ta. A Fabrairun 2022 aka buɗe wa masu kula da tsofaffi hanyar biza, mutane suka yi ta kwarara, 'yan Najeriya na cikin na gaba-gaba. A Maris na 2024 aka hana su zuwa da iyali. Ranar 22 ga Yulin 2025 aka daina ɗauko sababbi daga ƙasashen waje gaba ɗaya. A wannan ranar kuma aka ɗaga sharaɗin bizar ƙwararru zuwa ayyukan matakin digiri, mafi ƙarancin albashi na gama-gari ya koma fam 41,700 a shekara. Mutumin da ke sayar maka da gurbi biyu, gurbin da babu shi yake sayarwa.

Ko lokacin da ƙofar ke buɗe, na ga abin da ya faru da idona. Gwamnatin nan da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin fiye da kamfanoni 470 a harkar kula da tsofaffi, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Waɗannan ba lambobi ba ne kawai a wurina. Ina haɗuwa da su a masallaci a Cheetham Hill, da shagunan kayan miya na Moston. Mutum ya sayar da gida ko gonar gado, ya sauka a filin jirgi da murna, ya je adireshin kamfani ya tarar da ƙofa a kulle, ko a ce masa babu aiki sai an kira shi, a yi wata uku ba a kira ba. Bizarsa a ɗaure take da wannan kamfanin. In aka soke lasisinsu, kwana 60 ake ba shi ya samo wani ko ya bar ƙasar. Yana kwana a falon wani, yana jin kunyar kiran gida, gida kuma ana jiran ya turo. Akwai magidancin da ya riƙe hannuna bayan sallar Juma'a yana hawaye, ba kuɗi ya roƙe ni ba, cewa ya yi in taya shi rubuta sibi. Taubashi, da wasa na fara takardar nan, amma wallahi ba na so in ga fuskarka a wannan layin.

Kuma kada ka ce in ka shigo za ka bi sawuna ka shiga kwantiragi. Mai bizar aiki ba ya yawo daga kamfani zuwa kamfani yadda nake yi. Sai wanda ya sami izinin zama na dindindin, ko wata takardar da ba ta ɗaure shi da ubangida ɗaya ba, kuma wannan shekaru ake yi kafin a kai.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kai ba baƙon wannan wasan ba ne. A shagonka aka cike wa matasa fom ɗin shiga aikin shige da fice, kowa ya biya naira 1,000 ta intanet. Ranar 15 ga Maris 2014 dubban ɗaruruwa suka cika filayen wasa a kan gurabe da ba su kai 5,000 ba, aka yi turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, mutane fiye da goma suka rasu, har da mata. Kai ne ka yi mako guda kana faɗa a majalisa cewa zalunci ne a karɓi kuɗin mai neman aiki. A kan naira dubu ɗaya ka yi wannan wa'azin. Yau an ce miliyan 12, ka ce a sayar da fili. Ga kuma 'yan uwanmu mata da ake kwasa zuwa ƙasashen Larabawa aikatau ta hannun irin waɗannan, a karɓe fasfo, a riƙe albashi da sunan biyan bashin tafiya. Ba sai na ba ka labari ba, ka san gidajen da abin ya shafa.

Ga gwajin da za ka yi masa, kyauta ne, datar naira ɗari biyu ta isa. Ka ce ya ba ka cikakken sunan kamfanin da zai ɗauke ka. Gwamnatin Birtaniya tana wallafa jerin duk kamfanonin da ke da lasisin ɗauko ma'aikata daga waje a shafinta na gov.uk, kowa na iya dubawa. Rajistar kamfanoninsu ma a buɗe take, za ka ga ranar da aka kafa kamfani da masu shi. In sunan ya fito, kada ka tsaya nan, don macuta na aron sunan kamfanin gaske. Ka turo mini, ni zan kira su daga nan. Sannan ka tambaye shi lambar rajistarsa ta CAC, da lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, tunda ita ke ba kamfanonin samar da aiki izini a Najeriya. Ina mai tabbatar maka da ka yi tambaya ta biyu zai ce ba ka da tawakkali, a ta uku ya toshe lambarka. Kafin ya toshe, ka ɗauki hoton duk hirarku da lambar asusun, a kai wa EFCC ko NAPTIP, saboda ba kai kaɗai ya ce wa gurbi biyu ya rage ba.

Ban ce ka zauna ka naɗe hannu ba. Na san kasuwa ta yi nauyi, na san kuɗin man janareta na cinye ribar hotokofi, kuma na san ba kwaɗayi ne ya sa ka saurari mutumin nan ba, nauyin iyali ne. Amma kana da abin da ba ka ɗauka da daraja ba. Kana da babbar difloma a akanta. Hannunka a kan Excel ya fi na wasu da nake zama da su a ofis, na gani da idona lokacin da ka tsara wa Kawu lissafin taki. Abin da ya rage maka jarrabawar ICAN da ka ajiye tun haihuwar babbar 'yarka, wadda yanzu take gyara maka karatun Alƙur'ani. Ka koma ka ƙarasa, kuɗin jarrabawar a wuyana. Ka buɗe shafi a LinkedIn da Jobberman, wanda ɗalibai uku suka kafa a jami'ar Ile-Ife a 2009, daga ɗakin kwanan ɗalibai, ba daga Landan ba. Ka duba shirin 3MTT na gwamnatin tarayya ko za a sake ɗiba. Akwai kuma Upwork da ire-irensa, inda ƙananan 'yan kasuwa na ƙasashen waje ke neman mai riƙe musu littafi daga nesa. Ba zan yaudare ka ba, gasa ce mai zafi, ga 'yan Indiya da Filifin da Kenya, farkon kuma sai haƙuri, aikin dala kaɗan kafin a san ka. Can ma ƙa'idar ɗaya ce: wanda ya ce ku fita daga shafin ku koma Telegram, ko ka biya kuɗin rajista kafin ya ba ka aiki, ko ka ba shi aron asusunka, ka rabu da shi. Wuta ita ce babbar matsalarka, na sani. Ka tambayo mini kuɗin faranti biyu na sola da batir a Sabon Gari, mu raba biyu. Rabona ka lissafa shi a kuɗin shara, tunda har yau ba mu daidaita a kan wa ke bin wani ba.

In bayan ka gama, ka tara shekarun aiki, zuciyarka na nan a kan fita, sai mu bi ta ƙofa: kamfani mai lasisi, intabiyu ido da ido ta bidiyo, jarrabawar Turanci, ba ejan ɗin da zai ga sisinka. A ranar ni zan zo filin jirgi da rigar sanyi, in kai ka Old Trafford ka yi kukanka a kusa.

Ka gaishe mini da Kawu da Umma da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida maiɗakinka, Allah Ya ƙara mata haƙurin zama da mai goyon bayan United. Ka gaida mai shayin bakin get, da limamin unguwa, da 'yan majalisa baki ɗaya. In an sami mai zuwa, a aiko mini da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji. Kada ka kuskura ka cusa kilishi a ciki, an hana shigo da nama daga ƙasashenmu, kuma karnukan filin jirginsu sun fi ka son sa.

Ka turo mini sibinka kafin Juma'a, naka na gaskiya, ba na shago ba. Kada ka tura wa mutumin nan ko naira ɗaya. Takardar filin Dakace kuwa na riga na yi waya da Kawu, ya kai wa Goggonka ajiya. In kana so, ka je ka tambaye ta da bakinka.

Wassalam.

Naka har kullum,
Ɗan Goggonka.